Tsohon Direba

Shekara ashirin da bakwai Dallatu ya yi yana jan tirela. A shekarun da farar hula suka dawo mulki, lokacin da benaye suke tsirowa a Abuja kamar gero bayan ruwan fari, shi ne yake kwaso siminti da rodi ya sauke a Dei-Dei. In ya bi ta cikin gari yakan nuna wani dogon gini da haɓa ya ce, "Wancan a bayana ya zo."

Wata safiyar Talata yana tsaye a teburin mai shayi, kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙasa ta taso ta tare shi. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ƙafar ta dawo bayan wata huɗu. Hannun ma ya dawo, amma kamar baƙon da bai gama yanke shawarar zama ba.

Wakili, mai kula da motocin kamfaninsu, ya zo dubiya gidansa na Kubwa da ledar lemon Zuba.

"Malam Dallatu, makullinka yana nan a rataye, ban ba kowa ba," in ji shi. "Bayan Babbar Salla ka zo mu zagaya fili. In hannun ya riƙe, ka koma hanya."

Wannan maganar ce ta zama abincin Dallatu.

'Yarsa Mashkura tana aikin buga takardu a wani ofis cikin gari. Ita ce ta shigo masa da wata tsohuwar kwamfuta, haɗe da sitiyari da giya da abin taka birki da totur, da wasan tuƙin manyan motoci a ciki. Ta ce likita ya ce a riƙa motsa hannun.

"Ni da na sha gangaren Lokoja da buhu ɗari shida, yau ni za a ba wasan yara?"

"Baba, ka dai taɓa."

Ya taɓa, bai ƙara sakewa ba. Kullum in Mashkura ta fita neman bas, sai ya yi bisimilla ya zauna, ya ɗauki kaya daga wani garin Turawa zuwa wani garin da bai iya faɗin sunansa ba. Hoton dishi-dishi ne, itatuwa kamar an zana su da gawayi, motar tana tafiya a natse. Wurin da ya fi sa wa ido shi ne kwana, domin a nan hannun dama yake tafiya ga giya, ya bar na hagu shi kaɗai da sitiyari. Hagun kuwa ya riƙe. Tafiya arba'in ya yi bai goga ko madubi ba. Ya fara waƙa a banɗaki. Ya sa aka wanke masa tsohuwar rigar aikinsa.

Saura mako uku Salla, Mashkura ta so ta ƙara faranta masa. Ta ɗauki kwamfutar ta kai kasuwa, aka sa mata sabon katin hoto, wanda mai shagon ya ce zai sa Baba ya ga titi kamar yana kansa.

Daga ranar komai ya lalace. Motar takan yi tafiya kaɗan, ta ƙame kamar mai shaƙuwa, sannan ta yi tsalle ta tsinci kanta a cikin rami. Ranar farko sau shida ya kife.

Suka ce wuta ce ba ta da ƙarfi, suka ja waya daga janareton maƙwabci. Bai canza ba. Suka ce zafi ne, suka buɗe murfin akwatin suka kafa masa fanka. Bai canza ba. Sai Mashkura ta kira Catherine, wata mai gyaran kwamfuta da take da shago a bakin titi, 'yar Filato mai saurin magana.

Catherine ta leƙa bayan akwatin ta kwashe da dariya. "Baba, wa ya haɗa maka wannan? Wayar allo yana tsohon rami. Kun sayi sabon kati kun bar shi yana barci."

Ta mayar da wayar inda ya dace. Hoton ya washe, har ana ganin ɗigon ruwa a gilashi. Amma shaƙuwar tana nan. Ta dawo bayan kwana biyu da wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ta ce abin da yake raba wuta a ciki ya yi wa katin kaɗan, kamar a ɗaura injin tirela a tankin babur. Wannan misalin ya yi wa Dallatu daɗi, har ya sa aka kawo mata kunun aya. Ta canza. Shaƙuwar ta ragu, ba ta tafi ba.

A kwanakin nan, in ya kife yakan daki teburin ya ce, "Katin nan ne. Da lafiya lau nake." Mashkura takan ce haka ne, Baba.

A zuwanta na uku, ranar Asabar da hantsi, Catherine ta daɗe tana danne-danne. Can ta tafa hannu.

"Na kama shi! Direba ne matsalan."

Dallatu yana zaune a bakin gado. Bai motsa ba.

"Tsohon direba ne," ta ci gaba, idonta a kan allo. "Ba zai iya da sabon kaya ba. Sai an cire shi gaba ɗaya an sa sabo."

"'Yata," ya ce a hankali, "Wakili ne ya aiko ki?"

"Wane Wakili?"

Mashkura ce ta fara ganewa. Ta dafa kafaɗarsa. "Baba, ba kai take nufi ba. Wani abu ne a cikin kwamfutar, shi yake gaya wa katin yadda zai yi aiki. Sunansa ke nan, direba."

Catherine ta rufe baki da hannu. "Wayyo, oga, yi haƙuri! Wallahi ba kai ba. Kai ai direba ne na gaske."

Ya yi murmushin yaƙe. "To cire shi mu gani."

Ta cire, ta sa sabo, ta kashe ta kunna. Titi ya shimfiɗu sumul. Babu shaƙuwa, babu tsalle. Itatuwa suna wucewa kamar yadda suke wucewa a hanyar Kaduna, har Dallatu ya ji kamar yana cikin tafiya.

Ya zauna, ya yi bisimilla. Miƙaƙƙen titi bai ba shi wahala ba. Kwana ta farko ta taho, hannun dama ya tafi ga giya, ya ce wa na hagu juya. Hannun ya juya, amma bayan kwanar ta riga ta iso. Tirelar ta daki shinge ta kwanta.

Ya sake. Ya sake. Sau biyar, duk a wannan kwanar yake kifewa.

"Wannan ya cika gudu," ya ce. "Kin ƙara masa wuta."

Catherine ta dubi Mashkura, ta dubi ƙasa. Ba ta iya ƙarya ba. "Baba, wannan ne gudunsa na daidai. Da can kwamfutan ba shi da ƙarfi, shi ya sa komai yana tafiya a hankali. Yana jiranka ne."

Dallatu ya dubi tirelar da take kwance a kan allo. Tafiya arba'in, ashe duk a kan titin da yake jiransa ya yi su. Hanyar Lokoja ba ta taɓa jiran kowa ba, kuma a kanta ba shinge ake daka ba, motar fasinja ce cike da mutane.

"Za ki iya mayar da tsohon?" ya tambaya.

"Zan iya mayar da tsohon kati, in kana so. Zai koma kamar da."

Ya daɗe yana kallon hannun hagunsa a kan sitiyari, hannun da ya san kowane rami daga Zuba zuwa Okene.

"Bar shi," ya ce.

Bayan Salla da kwana biyu Wakili ya bugo waya. Dallatu ya miƙa wa Mashkura, ya ce ta gaishe shi, ta ce masa ya sauke makullin nan ya ba wani.

Har yanzu yana Kubwa. Kwamfutar tana aiki lafiya, Mashkura ta lulluɓe ta da zane. Da la'asar yakan fito da kujera bakin babban titi, inda tireloli suke wucewa zuwa Dei-Dei. In direba ya sauya giya a kan kari, yakan gyaɗa kai. Hannun dama yana motsi a kan gwiwarsa, na hagu yana biyo baya.