Kwabban da Kaka ta binne kusa da rudun albasa

Jiya a ƙofar banki a Jega mai gadi ya goga wa jakata na'ura, ta yi ƙara. Sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu na Aliero, ina 'yar shekara goma, ranar da Kawu, ƙanen babanmu, ya aro na'urar neman ƙarfe wurin masu haƙar zinariya.

Ka san tun muna ƙanana Kaka take ba mu labarin kwabbanta masu huda. Tana budurwa tana sayar da fura a kasuwar Jega, wani saurayi daga Maiyama kullum sai ya bar mata kwabo ɗaya fiye da kuɗin furarsa. Ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba. Da ya aure ta suka zauna Aliero, ta zuba su a 'yar tukunya ta binne, taku bakwai daga rudu, rumfar da ake ajiye albasa. Bayan rasuwarsa ta tona ta rasa, har gida aka fara cewa tsufa ne. Ga shi washegarin ranar da Kawu ya aro na'urar za a yi wa tsakar gidan daɓen siminti.

Mun bi Kawu kamar 'yan rakiyar amarya. Na'ura ta yi kuka, aka tono ƙusa. Ta sake, cokali.

"Inna, ko dai saurayin nan bai ba ki komi ba?" in ji Kawu.

"Kai dai riƙe wanga abu da kyau, kunnuwa kamar na ubanka."

Babanmu ne ya tsaya cak, ya tuna mana wani abu. Rudu ai duk shekara sabo ake kafawa, inda aka ga dama. Na zamanin amarcinta yana can inda muke ɗaure awaki. Muka kwasa da gudu, awaki na tsalle, zafin rana na dukanmu. Na'urar ta ɗau kuka ba tsayawa.

Tukunyar ta fashe, kwabban sun yi kore, suna warin ƙasa. Kaka ta zauna a nan cikin kashin awaki ta juye su a zaninta, tana dariya tana share ido. Babu wanda ya sake kiran tsufa.

Yau siminti ya rufe ko'ina. Maigidana mutum ne mai kyauta, amma ta waya yake turo min kuɗi, kuma ina son abin. Sai dai wani lokaci nakan duba hannuna in rasa abin da zan binne.