Jitar Kawu ta je Kumasi ta dawo

Ana sallame sallar asuba muka bar Tamale, ni da kawuna, da jitarsa ta bes, irin mai kaurin sautin nan, a cikin tsohuwar jakarta. Yaron mota ya so ya ɗaure ta a sama tare da buhunan doya. Kallo ɗaya Kawu ya yi masa ya fasa. Haka ta zauna tsakaninmu, wuyanta na zungurar kunnena har Kintampo.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Tun kafin a haife ni Kawu ke kaɗa bes a bukukuwan aure da suna, amma bana yatsunsa na hagu sun fara yi masa ciwo, yana danna tsirkiya tana ƙin faɗuwa daidai. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa tsufa ya karɓi hannun. Jitar kuwa shi da wani amininsa na unguwar Ayigya Zango a Kumasi suka haɗa suka saye ta tun suna samari, da alkawarin duk wanda ya ajiye kiɗa zai kai wa ɗan'uwansa. To kai ta za mu yi. Ni dai raina bai so ba, don ban san Kawu ba jita ba.

A Kintampo muka sha koko da ƙosai, muka ƙara da soyayyar doya mai yaji. Kawu, mutumin da ba ya barin kwano da saura, ya ɗan taɓa ya turo mini. Daga Techiman ƙasa ta fara yin kore shar, ga ayaba da tumatir jibge a bakin hanya, masu talla na bin tagogi da gudu. Cunkoson shiga Kumasi kuwa sai wanda ya gani. Muka sauka muka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya ta cikin gari, kuɗin ma ya ƙaru a kan yadda na sani, kwandasta na kiran unguwanni kamar yana faɗa da su.

Ayigya ta cika da ɗalibai masu haya da ƙamshin waakye, shinkafa da waken nan. Muka tarar da aminin Kawu zaune a kan benci a tsakar gida, zani lulluɓe da kafaɗarsa ta dama. Da ya zo gaisawa sai ya miƙo hannun hagu. Nan Kawu ya tsaya cak. Ashe tun bara ɓarin jikinsa ya shanye, ya hana kowa faɗa mana. Sun daɗe riƙe da juna, ni kuma na yi ta kallon kajin gidan don kada a ga idona.

Bayan mun ci tuwo da miyar ayoyo, Kawu ya buɗe jaka ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya sa aka ɗora masa jitar a cinya. Da babban yatsan hagunsa ya bi tsirkiyoyin huɗu yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Mutumina, wa ya yi maka wannan aiki? Wannan ya yi tauri kamar wayan shanya, wannan kuma ya saki kamar igiyan wando. Chale, abokina, ko yaro ne hannunshi zai ciwo."

Kawu ya fara kame-kame. Gaskiyar ita ce, a wajenmu ba a sauya tsirkiya sai ta tsinke, kuma wadda ta tsinke kaɗai ake sauyawa. Ɗaya direba ne ya kawo masa daga Accra, ɗaya makaɗin wani coci ya ba shi, ta ƙasan kuwa an tafasa ta a tukunya ya fi a ƙirga don sautinta ya dawo. Kowace da kaurinta da irin ƙarfin da take nema, yatsa na tsallakawa daga mai laushi ya faɗa kan mai tauri bai shirya ba.

"Ni hannuna ya tafi da gaske," in ji tsohon, yanzu ba dariya. "Kai naka yana nan, kana so ka kore shi. Ba ni karɓa."

Washegari da hantsi muka ɗauki tasi mu uku zuwa wani shagon kayan kiɗa a cikin gari. Matar shagon, 'yar Asante mai Hausar Zango, ta baje mana fakiti iri-iri. A nan na koyi cewa ko sabon saiti ba lallai ya zo daidai ba, sau da yawa na tsakiya sun fi na gefe ɗaurewa. Akwai kuma wanda aka auna kaurin kowace tsirkiya don duka huɗun su nemi kusan ƙarfi ɗaya. Kawu ya nufi masu kauri, wai su ne na maza. Amininsa ya buge masa hannu ya nuna saiti mai matsakaicin laushi, irin wanda aka daidaita. Aka ɗaura, aka gyara wuyan jitar, aka jona ta da lasifika. Kawu ya rufe ido ya bi su daga sama zuwa ƙasa, ya sake bi. Ciwon bai ɓace duka ba, shi ma ya faɗa, amma yatsun sun daina tuntuɓe.

Da la'asar ya kaɗa a tsakar gidan nan. Mata suka bar wanki, ɗalibai suka leƙo ta taga. Tsohon yana buga benci da hannunsa mai lafiya, bakinsa na bin waƙar da suka saba tun suna samari. Ban taɓa jin son mutanen nan biyu kamar ranar ba.

Mun dawo Tamale lafiya, jita na tare da mu. Abin da na riƙe daga tafiyar shi ne, kafin mutum ya ce hannunsa ya ƙare, ya fara duba abin da yake dannawa, ya kuma je wurin wanda ba zai ji nauyin yi masa dariya ba. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar Kawu na kirana in riƙe masa waya kusa da lasifika. Yana kaɗawa, daga can Ayigya muna jin ana buga benci, wani lokaci a tsaya a ce masa ya yi sauri da yawa, ya sake daga farko.