Irin Gawo a Garken Awaki

Mun tashi da asuba ranar Asabar, muna sallame salla muka kama hanyar Betso, mu uku a kan babura biyu: ni, da wata malamar firamare, da wani telan unguwarmu. Dukanmu 'yan sa-kai ne a lambun renon itatuwa da ke bakin mayo, wato kogi, a Mubi. Muna renon ɗorawa da tsamiya da kanya, don a mayar da su filin shaƙatawa na bayan gari, wanda masu gawayi suka aske tas.

Gawo ne ya fitar da mu. Sau biyu muna shuka irinsa a leda, ko ɗaya bai tsiro ba. Masu kula da filin kuwa sun ce in damina ta sauka ba mu da gawo, darbejiya za su dasa a gefen da suka ware mana. Ni a inuwar gawon wurin na fara riƙe alƙalami, don haka abin ya tsaya mini a rai.

Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai. 'Yan acaɓa sun ƙara kuɗi, wai mai ya yi tsada, amma hira kyauta suka ba mu. A wata mararraba muka sha kunun gyaɗa mai zafi da ƙosai, tela ya ƙara kofi biyu, ya ce na hanya ne.

Da hantsi muka isa. Ga gawo nan manya-manya a gonaki, amma ƙarƙashinsu fes, kamar an share. Awaki sun riga mu. Muka yi ta zagaye muna neman iri har rana ta take, ba mu cika ko hula ba.

Wata tsohuwa mai gonar wurin, da ta dawo daga sharar cocinsu, ta tsaya tana kallonmu. Malama ta gaishe ta, ta faɗa mata buƙatarmu. Sai ta yi dariya har ta dafa sandarta.

"Ku mutanen birni, wanda akuya bai ci ba kuke shukawa? Ba zai fito ba. Sai ya bi cikin akuya tukuna."

Ta kai mu garkenta, ta murje kashin awaki a tafinta, sai ga ƙwayoyin gawo suna sheƙi. Ta dubi farar rigata ta ce, "Baba Malam, kai zauna a inuwa, kar sallarka ya lalace."

Na ce, "Mama, dabbar da ake cin namanta, kashinta ba najasa ba ne. Haka muka karanta."

"To karatu ya yi amfani yau. Tsuguna."

Na naɗe hannun riga na tsuguna. Tela ya ce zai ba jama'ar masallaci labari, na ce ya haɗa da kofi uku na kunu. Kafin la'asar mun cika rabin buhu. Jikokinta mata suka kawo mana tuwon dawa da miyar yakuwa, ita kuma ta shimfiɗa mini tabarma bayan rumbu na yi salla. Ta ƙi karɓar komai, sai dai ta ce in tsamiyarmu ta yi ƙwari a aiko mata biyu.

Da za mu dawo, ɗan acaɓa ya shinshina buhun ya ce, "Alhaji, daga Mubi ka zo sayen wannan?" Na ce ya dai tuƙa a hankali, dukiya ce.

Mun iso gida da magariba, alhamdu lillahi. Washegari muka shuka, na rubuta ranar da ajami a jikin katako na kafa. A kwana na tara malama ta kira ni, ta ce in zo da tabarau. Na ƙirga ledoji har na gaji, kowace da ɗan koren kai.

Abin da na koyo shi ne Allah ya riga ya tsara wa gawo hanyarsa, mu ne ba mu tambayi masu awaki ba. Tsamiyar Mama biyu na ware su gefe, ni da kaina zan kai.