Ranar da Na Auna 'Yan Wasan Su Auta a Mota

Shekarar da Auta ta shiga aji biyu a kwaleji aka ɗauke ta cikin 'yan matan da ke buga wa makarantar ƙwallon kwando. Ita ce ƙarama a cikin 'ya'yana, ita ce kuma ta fi kowa tsayi a gidan, har ubanta. Ni sana'ata ɗinkin abaya, a ɗakin ƙasa na gidanmu da ke unguwar Nuzla, nan ƙasar Larabawa, shi ya sa mutane ke mamakin inda na san wannan wasa.

Tun ina yarinya na san shi. Yayyena maza sun ɗaure wani zoben ƙarfe a jikin turken fitilar layinmu, kullum bayan la'asar suna taruwa su yi ta jifa. Mu mata ba a barinmu mu sauka. Sai in hau soro da sunan kwashe shanya, in kafa haɓa a kan katanga har a kira magariba. Wanda ke sama yana ganin abin da ɗan wasa ba ya gani, wa ya tsaya shi kaɗai yana jiran ƙwallo, wa ke ɓuya a bayan ɗan'uwansa. Ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba a rayuwata. Da na girma sai na koma kallo a talabijin, ina taka keke ina yi wa mutanen da ba su san ina duniya ba faɗa.

Saboda haka da aka sa ranar wasansu na farko, na rufe ɗakin ɗinki tun azahar. Yayata da ke zaune a unguwar Sa'alaba ita ta zo ta ɗauke ni. Da girmanta ta koyi tuƙi, bayan an bai wa mata izini, kuma har yau kamar mai ɗauke da ƙwai take tafiya. Kwalejin tana can arewa, hanyar Abhur, ga cunkoso. Muna shiga zauren wasan aka busa usur.

Minti kaɗan da farawa na san za a ci mu. Ba don waɗancan sun fi mu tsayi ko gudu ba. Su biyar suke wasa, mu kuwa kowacce ita kaɗai take. Na zauna cikin sanyin na'ura ina gumi. Yaya tana gefena tana tafa wa kowa, har 'yan ɗaya makarantar, don ba ta gane wace riga ce tamu ba sai da aka je hutu. Na yi ihu sau biyu, wata mata a gabana ta waiwayo ta dube ni, na haɗiye sauran. Aka tashi an ci mu da tazarar da ba na son tunawa.

Muna jira a wajen mota sai ga Auta ta fito da ƙawarta, wata doguwar yarinya 'yar Sudan wadda ke tsayawa a ƙarƙashin kwando. Auta ta ce da Larabci gidansu yana kan hanyarmu, mu rage mata hanya. Auta tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar yawancin sa'anninta a unguwarmu. Yarinyar ta gaishe mu cikin ladabi, suka shiga baya.

Na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi. Yaya ce ta jawo. Tana tayar da mota ta ce, "Kai, 'yan mata, kun yi ƙoƙari. Allah ya yi albarka."

Na ce, "Yaya, wane ƙoƙari?"

"To ba ga shi sun yi ta gudu ba?"

"Gudu ai ko akuya tana yi."

Na juya harshe zuwa Hausa zalla don kada baƙuwa ta ji, na fara da mai lamba huɗu, gajeriyar da ke kawo ƙwallo daga baya. Na ce yarinyar tana da hannu, ba na musu, tana da sauri, amma kanta a sunkuye yake kamar mai neman allura. Sai ta yi ta buga ƙwallo a ƙasa, dum dum dum, kamar mai daka, har waɗancan su gama jeruwa su jira ta. Wadda aka ba wa aikin raba ƙwallo, ba ta san inda 'yan'uwanta suke ba. Na ce a ɗaure mata abu a haɓa in ya kama, ta ɗaga kai.

Na koma kan mai jifa daga nesa. Jifanta na farko ya shiga, zaure ya ɗauki ihu, shi ke nan aka rasa ta. Daga nan duk ƙwallon da ta taɓa hannunta sai ta cilla, ko da mutum biyu a gabanta. Ko sau ɗaya ba ta bi jifanta ba, sai ta tsaya da hannu a sama kamar ana ɗaukarta hoto.

Yaya ta ce, "Ita ce mai ɗankwali ja? Kyakkyawa da ita."

"Ita ce."

Shugabar tasu kuwa, na ce ita kaɗai ce ke tsaron gida da zuciya ɗaya, tana manne wa mutum kamar ƙaya. Amma bakinta ya fi ƙafarta aiki. Duk usur ɗin da aka busa sai ta je ta yi wa alƙaliya bayani, kafin ta juyo an wuce ta. Akwai kuma wata siririya, jikar mutanen Jawa na can gabas mai nisa, da aka sako bayan hutu. Ita ce kawai na ga tana duba fili kafin ƙwallo ta iso hannunta. Ta ba da ƙwallo biyu masu kyau, duka aka zubar, sai mai horarwa ta fitar da ita, ita da ba ta yi laifin komai ba. Mai horarwar kanta ta harɗe hannu tun farko har ƙarshe, ba abin da na ji ta ce sai "Yalla, 'yan mata, yalla," wato maza-maza. Yalla zuwa ina?

Auta ta ce a hankali, "Ummi, halas," wato ya isa.

Ban tsaya ba. Na ce, "Ita kuma wannan doguwar da ke bayana, Allah ya ba ta abin da ba a saya a kasuwa. Dubi hannuwa har gwiwa. Amma tsoron jikin mutane take yi. Ƙwallo za ta daki allo ta dawo, wata 'yar ƙarama da ba ta kai kafaɗarta ba za ta ture ta ta ɗauke. Na gan ta da idona ta buge wata, ta tsaya tana ba ta haƙuri tana ɗaga ta, ana can ana zura mana ƙwallo. Wannan ba 'yar wasa ba ce, ma'aikaciyar jinya ce."

"Ummi!"

"Ke ma ina zuwa kanki. Ke in aka ba ki ƙwallo sai ki yar da ita kamar an miƙo miki tukunya daga kan wuta. Sau nawa kika tsaya ke kaɗai, kwando yana kallonki kina kallonsa, kika juya kika miƙa wa mai ɗankwali ja? Tsoron me kike ji? In kin jefa ba ta shiga ba, kamu za a yi?"

Yaya ta kunna rediyo, ta kashe. Muka shiga wani layi kafin Nuzla, yarinyar ta nuna ƙofar gidansu. Ta sauka, ta ɗauki jakarta, sannan ta sunkuyo ta tagata, don dole ta sunkuya. Ta ce da Hausa, irin ta mutanen Sudan mai nauyi a harshe, tana kirana Khala, wato inna, "Na gode, Khala. Kakata Bahausa ce, ita ta raine ni. Sai da safe."

Yaya ta kifa kai a kan sitiyari tana dariya har da hawaye. Auta ba ta yi dariya ba. Da muka isa gida ta wuce ɗaki ko takalmi ba ta cire ba. Ubanta yana shan shayi a falo, ya tambayi abin da ya faru, Yaya ta kwashe duka ta gaya masa, har da kwaikwayon muryata. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma mutum ya sha kaye, ki bari ya haɗiye ruwa mana."

Na ce, "Alhaji, a cikin abin da na faɗa wanne ne ƙarya?"

Ya ce shi bai je ba, bai sani ba. Ya ci gaba da shan shayinsa.

Daga ranar Auta ta daina gaya mini lokacin wasanninsu. In na tambaya sai ta ce ba a sa rana ba. Sai in ga ta dawo da jiƙaƙƙiyar riga a jaka. Wasa biyu suka wuce ni a haka, ina zaune ina ɗinki raina a ɓace, na san ana can mai lamba huɗu tana daka.

Wata ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar ɗakin ɗinki. Doguwar ce, da abaya a hannu. Ta ce duk wadda ta saya ba ta rufe mata idon sawu, ko zan ƙara mata tsayi. Na auna ta, sai da na hau kan kujera kafin na kai kafaɗarta. Ina riƙe da allurai a baki ta ce, "Khala, abin da kika faɗa a mota. To yaya zan yi?"

Na cire allurai. Na ce, "Kin ji haushi?"

"Na ji. Na yi kuka ma. Amma yaya zan yi?"

Yaya tana nan a ranar, ta zo karɓar ɗinki. Na ce ta tashi ta tsaya a bayan yarinyar. Na nuna mata abin da na sha gani: da zarar ƙwallo ta bar hannun mai jifa, kada ki kalli sama tukuna, nemo mutuminki, ki juya masa baya, ki buɗe ƙafa, ki sa ƙugu ki tokare shi. Wurin naki ne, ba aro kika yi ba. Ta gwada a hankali. Na ce da ƙarfi. Ta ƙara ƙarfi, Yaya ta tafi da baya ta zauna cikin buhun ƙyallaye tana salati. Yarinyar ce ta gaya mini ranar wasa na gaba, ta ce in zo.

Na je, na zauna can sama nesa da idon Auta. Yarinyar ta shigo kamar an canja ta. Ƙwallo uku na farko da suka dawo daga allo duk ita ta kama, na miƙe tsaye ban sani ba. Sai abin ya wuce inda na ce. Ta ture wannan, ta bangaje waccan, ta sa gwiwar hannu inda na ce ƙugu. Alƙaliya ta yi ta busa mata, kafin wasa ya yi nisa laifuffukanta sun cika, aka fitar da ita. Ta zauna a benci ta rufe fuska da tawul. Ba mu da wata doguwa sai Auta, Auta kuwa tana nan yadda na bar ta. Aka sake cin mu.

A bakin ƙofa mai horarwar ta tare ni. Ashe an nuna mata ni. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ta san ina son yaran, amma ita tana bin doguwar ne a hankali, don shekara ɗaya ke nan da fara wasanta, ba ta san iyakar ƙarfinta ba tukuna. Na tambaye ta batun siririyar, me ya sa ba ta barin ta a fili. Ta ce yarinyar tana da ciwon numfashi, likita ne ya ƙayyade mata lokaci. Ban san da wannan ba. Na ce to mai lamba huɗu fa? Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Khala, wannan kam ki taya ni da addu'a."

Haka kakar ta tafi. Sun ci wasu, an ci su da yawa. Doguwar ta daidaita daga baya, ta zama wadda ake tsoro a ƙarƙashin kwando, kuma ba zan ce aikina ba ne, don mai horarwar ce ta zauna da ita mako bayan mako. Mai ɗankwali ja ta ci gaba da cilli. Siririyar ta bar wasa kafin ƙarshen shekara, abin da ya fi komai ƙona mini rai ke nan, don ita ce mai ido a cikinsu.

Auta ta sauko da kanta, ta koma gaya mini ranar wasa, da sharaɗin ba zan yi magana a mota ba. Na riƙe alkawari, sai dai in yi ta motsa ƙafa har mu iso. A wasansu na ƙarshe ƙwallo ta same ta ita kaɗai a gefen dama, ba kowa kusa. Na ga ta ɗaga kai ta kalli kwando, na ga gwiwarta ta lanƙwasa. Na kama hannun Yaya na matse. Sai ta juya ta miƙa wa shugabarsu, wadda mutum biyu suka rufe.

A gida, bayan ta yi wanka ta ci abinci, na ce, "Yanzu ba a mota muke ba. Me ya hana ki?"

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. Sannan ta ce, da Hausa wannan karon, tana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Ummi, ni ina son gudu da su ne kawai. Ba na son a kalle ni."

Na buɗe baki zan ce ai duk wanda ya shiga fili kallonsa za a yi. Alhaji ya yi gyaran murya daga falo. Na tashi na kwashe kwanuka na kai kicin, na yi ta dirzar tukunyar da tuni ta fita.