Ƙanƙarar da Ta Tsare Mu a Kan Dutse

Mun tashi da asuba daga unguwar Al-Sadd, ni da abokan aikina biyu, wai za mu ƙasar Jojiya kallon dusar ƙanƙara, mu huta da zafin Doha. Tun a jirgi nake nanata musu lallai mu dawo ran Juma'a, don Asabar da safe Hajiyata za ta sauka daga Kano a duba mata ido. Ba ta taɓa hawa jirgi ba.

Daga babban birnin muka hau mota zuwa wani ƙauye a kan dutse. Hanya duk kwana, ga rami a gefe, direba kuwa ko a jikinsa. Abinci dai burodi da cuku safe da yamma, har na fara mafarkin tuwo.

Ran Alhamis waya ta fara gargaɗin cewa ƙanƙara na tafe da iska. Wannan hasashe ya ce kaɗan ce, wancan ya ce mai yawa, ni kuwa sai dubawa nake. Tsohuwar da ta sauke mu ta dafa gwiwarta mai yi mata ciwo in ƙanƙara na tafe, ta nuna hanya, alamar mu tafi yau. Sai ɗayanmu, ɗan manomi, ya fita ya dubi gabas ya ce, "Haba malam, ina hadarin? Ko ta zo, awa guda ta wuce." Na yarda, don haka ruwa yake yi a gida.

Ashe ita zama take yi! Ba tsawa, ba walƙiya. Gari ya waye an rufe hanya, jirginmu ya tashi ba mu. Wallahi ranar ko shayi ban iya sha ba. Na roƙi maƙwabcina na Doha, ɗan Zongo daga Ghana mai jin Hausa, ya tarbi Hajiya, amma ta ƙi binsa. Na lallashe ta ta wayarsa, ta ce ita dai tana jirana.

Da aka buɗe hanya muka sami wani jirgi, amma sai bayan la'asar ran Asabar muka sauka a Doha. Na koyi darasi: hadarin kowane gari, mutanensa ake tambaya. Na sami Hajiya a filin jirgi, a kujerar da take tun safe, jaka a cinya, ƙafa ta kumbura. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ta lalubo fuskata ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Har muka iso gida ban iya ɗaga kai ba.