Koren Maɓallin Suzana

Duk wanda ya san layin bayan kasuwar Tudun Wada ya san Suzana, 'yar Malam Nagoda, tsohon malamin firamaren nan mai karanta Littafi Mai Tsarki a coci ran Lahadi. Amma ka tambayi 'yan layin aikinta, sai su ce, "Latse-latsen kwamfuta dai." Latse-latse! Alhali ita ke tsara fuskar manhajar waya: inda rubutu zai zauna, launin da zai ja ido, da wurin da yatsa zai sauka ba tare da mai shi ya tsaya tunani ba.

Wani kamfani a Abuja ya ɗauke ta ta tsara manhajar da za ta riƙa tuna wa masu hawan jini shan magani. Daga gida take aikin, kuma a kan mahaifiyarta, Mama Talatu, ta yi gwaji, don ita ma tana da ciwon, ga idonta ya yi rauni. Ranar farko wayar ta ce, "Sha magani." Mama ta kife ta a kan tabarma.

"Wace mara tarbiyya ce wannan? Ko gaisuwa babu?"

Suzana ta yi dariya har da hawaye, amma ta ɗauki darasi. Ta zaunar da Baba gaban kwamfutar da kamfani ya ba ta, ta ɗauki muryarsa: "Ina kwana? An tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki? To, a daure a sha magani." Ta share duk tarkacen da ke fuskar wayar, ta bar maɓalli guda, kore shar, ƙato, wanda ko mai hakiya ba zai kuskure ba. Ta koya wa Mama, ta maimaita har ya zauna mata: "In kin ga kore, ki danna. Kore ba ya cuta." Kafin ka ce me, tsofaffi daga Gyallesu har Tudun Jukun suna amsa wa Malam Nagoda gaisuwa kowace safiya.

Da damina Baba ya rasu. Tun daga nan Mama ba ta sa komai a baki sai wayar ta yi magana. Za ta gyara ɗankwali, ta ce, "Lafiya lau, Malam. Kai fa, ka tashi lafiya?" Sannan ta haɗiye ƙwayar.

Sai kamfani ya yi sabon shugaba, wani Ashraf, wanda bai taɓa zama da tsohuwa mai hawan jini ba balle ya ji ta bakinta. Ya ce gaisuwa ɓata lokaci ce, Turanci ake so, da siririn rubutu mai ruwan toka, wai shi ne zamani. Suzana ta yi gardama, aka sallame ta, aka aiko aka karɓe kwamfutar da muryar Baba a ciki. Ta roƙi a ba ta ko kwafi. Aka ce mallakar kamfani ce, za a duba. Kai, mutane ba su da tsoron Allah!

Saura wuri ɗaya da muryar ta rage mata: tsohuwar manhajar da ke wayar Mama, muddin ba a sabunta ta ba. Suzana ta hana wayar sabunta kanta. Ta yi niyyar naɗar muryar da tata wayar, amma da muryar Baba ta ce "Ina kwana" sai ta kasa, ta fice tsakar gida. Kullum gobe, kullum gobe.

Wata safiya ta dawo daga sayen biredi ta tarar da Mama zaune, waya a cinya, ƙwaya a tafin hannu.

"Suzana, yau Malam bai gaishe ni ba."

Ta fizgi wayar. Muryar wata yarinya ce ke magana da Turanci ta hanci. Kamfani ya turo saƙon a sabunta, ga shi an sabunta. Sun zubar da duk aikinta, koren maɓallin nan kawai suka ga ya yi musu amfani suka riƙe, da shi kuma suka turo saƙon.

"Kore na gani, na danna," in ji Mama. "Ba ke kika ce ba ya cuta ba?"

Suzana ta ajiye wayar. Ta ɗebo ruwa a kofi, ta durƙusa, ta daidaita murya iyakar iyawarta.

"Ina kwana, Mama? An tashi lafiya? A daure a sha magani."

Mama ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta mayar da ƙwayar cikin kwalba, ta rufe.

"Bari dai in jira shi," ta ce.