Keken Da Ba Ya Hutawa Da Sunan Jikana

Na fito daga gidana a Tasawa ranar Laraba bayan sallar asuba. Dalilin tafiyar shi ne matar ɗana Lawali ta haihu namiji a gidan iyayenta, a wani ƙauye arewa da Kanan-Bakashe, kuma suna ranar Alhamis. Ina son a sa wa yaron sunana, Haruna. Uban yarinyar, Alhaji Idi mai wake, yana son nasa. Lawali kuwa ya ce manya su sasanta, don shi ba ya iya duban idon kowa. Ni da Alhaji Idi ba ma ga maciji tun ranar ɗaurin aure, da na gaishe shi a tsaye na ƙi rusunawa. Na girme shi da damina biyu, kuma har yau ban ga laifina ba.

Wurin Ila mai faci

Shekarun aikina duka a kan keke na yi su, ina falanto, wato mai kai takardun ofis, don haka ba na hawan kabu-kabu, babur ɗin haya. Amma kekena ya karye a wuya. Ila taubashina ne, ɗan ƙanin uwata. Ya ara mini wani siririn keke ja da ya zo cikin kayan gwanjo, ya ajiye mini tun daren Talata.

Na ce, "Ina birki?"

Ya ce, "Bawana, wanga keken Nasara ne, ba shi son birki. Kai dai ka sa ƙafa cikin maɗauri, ka tahi."

Ban sake tambaya ba. Wanda ya roƙi bayani wurin taubashi ya ba da kansa.

Daga Tasawa zuwa shinge

Da na bar kwalta na hau jar hanya, sai na gane abu uku. Na farko, keken ba shi da nauyi. Na biyu, yana da gudu. Na uku, fedarsa ba ta tsayawa. In taya na juyawa, ƙafa na juyawa, ko ka so ko ka ƙi. A gangare na farko na zare ƙafafu don in huta, feda ta zagayo ta sare ni a ƙwauri. Na mai da su maɗauri da ladabi.

Hantsi ya fara sa'ad da na hango igiyar shingen jandarma, masu tsaron hanya. Na sunkuya na wuce ta ƙarƙashi ina cewa, "Ina zuwa!" Sai da na sami rairayi a gefen hanya keken ya yarda ya tsaya. Na dawo a ƙasa ina turawa.

Jandarman ya ce, "Baba, gudun mi kake?"

Na ce, "Ba ni ke gudu ba, shi ne."

Ya juya feda da hannu, ya leƙa ƙasa, ya kira abokinsa. Suka yi dariya har usur ya faɗi. Ya ce in tafi, wanda ya ba ni wannan ya riga ya hukunta ni.

Daga nan na tsara wa kaina dokar tsayawa: a zare ƙafar dama, a nemi rairayi, a yi bisimilla.

Kanan-Bakashe

Ƙauyuka huɗu na ratsa, kuma ko'ina dattawa na zaune gindin itacen bedi. Mai keke in yana da tarbiyya yakan saki feda, ya ɗaga hannu, ya gaisa. Ni kuwa na wuce su ina harba ƙafa kamar mai tsere. Na ji wani tsoho yana cewa, "Furfura dai ba hankali ba ce."

Na isa Kanan-Bakashe da azahar, cinyoyina suna rawa. Na sha fura ta dala ashirin, mai kyau amma nonon ya yi ruwa. Na sauka gidan wani tsohon abokin aiki. Ya ba ni tuwon hatsi da miyar kuka, matarsa ta dafa mini ruwan gashi. Ya ce in bar keken in hau amalanke da safe. Na ce ba zan shiga garin Alhaji Idi a bayan jaki ba.

Ranar suna

Na tashi da asuba, na sa babbar rigata fara, na ɗaura rawani. Nan na yi kuskure. Hanyar ƙauyen tana gangarawa daidai ƙofar gidan Alhaji Idi, inda aka shimfiɗa tabarmi. Liman ya zauna, rago na ɗaure, mahauci na wasa wuƙa. Na zo zare ƙafar dama, sai na ji gefen rigar ya shiga sarƙa ya naɗe ƙafar da feda.

Na wuce taron. Na karya kan keken na zagayo, na sake wucewa ina ihu, "Liman, a dakata! Haruna ne sunan!"

Liman ya ce, "To ka sauko mana, Malam Haruna."

A zagaye na uku rigar ta ƙare, tayar baya ta cije. Na tafi gaba ɗaya, na sauka da goshi a bakin tabarma, rawanina a kan takalman Alhaji Idi. Rago ya yi kuka.

Alhaji Idi ya dube ni daga sama, bai yi gaggawa ba. Ya ce, "Jama'a ku shaida. Rusunawa kaɗai nika bi nai, ga shi ya kawo mini har da goshi. Liman, a ba shi sunan. Ya biya."

Na buɗe baki in ce faɗuwa ce ba gaisuwa ba. Sai na ji liman ya soma fatiha, na rufe bakin. Aka raɗa wa yaro Haruna, aka yanka rago, ni ina zaune Lawali na kwance ni daga sarƙa da reza.

Komawa

Ranar Juma'a Alhaji Idi ya sa aka ɗora ni da keken bisa buhunan wakensa, a motar da ke zuwa Tasawa. Ya raka ni har bakin hanya yana tambayar lafiyar goshina da ƙarfi, don kowa ya ji. Na iso gida da la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa mai masaukina da matarsa. Alhaji Idi yana can yana gaya wa mutane na rusuna masa. Ya yi ta faɗa. Jikan dai Haruna ne, kuma a gidan Alhaji Idi za a yi ta kiran sunan safe da yamma.